Ɗaki Mai Hular Rumbu

Da keken ɗinki na shiga ƙasar Damagaram, an ɗaure shi a bayan wata babbar mota mai ɗaukar goro, ni kuma ina kan buhu ina riƙe da ƙafarsa kada ya faɗi. Mutumin ƙasar Kano ne ni. An ce mini a can teloli ba su da yawa, kuma gaskiya ne, sai dai mai ba ni labarin ya manta bai gaya mini masu ɗinka sabon kaya ma sun ƙare ba. Fari ya riga ni isa. Aikina ya koma ɗinkin faci, ran kasuwar Tirmini in kafa keke a gindin bango, in yini ina haɗa tsumma da tsumma.

A wani ƙauye kusa da Tirmini na sami masauki, a zauren wani dattijo manomi, dogo, mai dariya a hankali kamar yana tsoron kada ta ƙare. Tun ranar farko da ya ji daga inda na fito ya ce, "Alhamdu lillahi, bawana ya dawo gida." Wasan Kanawa da Damagarawa ke nan, ni ma ban bar shi ba. Daga ranar sunana ya ɓata, kowa Bakano yake ce mini. Ni kuwa ina ce masa Baba, matarsa ina ce mata Iya.

Matata tana can gidan iyayenta, ta je goyon ciki ta haifi 'ya mace. Da na je suna na yi maganar tafiya da su, surukina ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ban hana ka iyalinka ba. Amma 'yata da jikata ba za su kwana a zauren mutane ba. Ran da ka yi ɗaki, ka aiko. In damina ta wuce ba ka yi ba, ka ɗauko kekenka ka dawo gida." Ban ji haushinsa ba, don da ni ne shi haka zan faɗa. Amma komawa gida ita ce komawa shagon yayana, in riƙa sa maɓalli a rigunan da wani ya yanka. A nan kuwa, ko faci nake yi, ni ne mai kaina. Ina son matata, ina marmarin 'yar da sau ɗaya na ɗauke ta, kuma ba na son komawa.

Fili bai yi wuya ba. Baba ya ja ni bayan dangarsa, ya zana ƙasa da ƙafa ya ce nan ne. Rufi ne matsalar. Azara ta yi nisa da talaka, itatuwan daji sun bushe a tsaye, waɗanda suka rage kuma 'yan gandun daji suna gadinsu. A filin akwai wata aduwa guda, wasu suka ce in sare ta da asuba kafin a gani. Baba ya ce wanda ya taɓa ta da shi zai yi, don ita kaɗai ta rage wa awakin unguwa.

Ana nan sai wani magini ɗan garin ya dawo daga arewa, inda ya yi aiki da wasu masu gini ba itace. Gajere ne, mai yawan magana, ya kawo mini wando in yi masa faci ya ji muna zancen azara. Ya ce, "Wace azara? Ni zan rufa maka ɗaki da ƙasa zalla, ko tsinke babu." Baba ya dube shi ya ce, "To, kabari ma ai ana sa masa itace." Aka yi dariya, har da maginin. Amma washegari ya zo da wani ɗan akwatin katako na buga tubali, ya ce in fara, shi zai nuna mini, ni zan yi da hannuna, don ba shi da lokacin yi wa Bakano bauta.

Ginin ƙasa ruwa yake ci, ruwa kuwa a shekarar mata tun duhun asuba suke bin layin rijiya su samo tulu ɗaya. Na haƙa rami na tara ƙasa, na tsaya ina kallonta, kunya ta hana ni zuba ruwan sha a ciki. Iya ce ta warware. Wata safiya na ga ta fito da ƙwaryar ruwan wanke-wanke, maimakon ta watsar a bayan gida sai ta juye a ramina, ta koma ciki. Kafin mako ya zagayo matan unguwa duk sun ɗauka. Ruwan wanki, ruwan wankin gero, wanda aka yi wa jariri wanka da shi, duk ramina yake ƙarewa. Maza ma suka mai da bakin ramin wurin alwala. Tubalina na farko ƙamshin sabulu yake yi, wani kuma daddawa. Har yau in na shafa bangon ɗakin nan na san babu gidan da bai sa hannu a cikinsa ba.

Da tubali ya taru aka yi gayya. Ba tuwo, ba nama, sai kunun jar dawar da aka raba ta taimako, wanda Iya ta dama, amma mutane suka zo, don ba noma ake yi ba, kuma kowa yana son ya ga yadda za a rufa ɗaki da ƙasa. Bango ya tashi ba wahala. Sai magini ya kafa sanda a tsakiyar ɗaki, ya ɗaura mata igiya mai ƙulli a baki. Duk tubalin da za a ɗora sai an ja igiyar ta taɓa shi, a karkata shi yadda ta nuna. Layi yana hawa kan layi, kowane yana ɗan shigowa ciki, har sama ta fara tsukewa. Na gane abin da wuri, don bai fi ɗinkin hula ba. Magini ya ce, "Kai, ashe Kanawa ma suna da kai." Na ce da ba mu da shi da ba mu sayar muku da hula ba.

Ranar da na sa tubalin ƙarshe a tsakiyar ƙubbar, ba wanda ya yarda ya shiga. Magini ya hau sama ya yi tsalle, ya kira wasu ƙarti suka hau, ƙubba ko gezau. Baba ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga da bismilla ya zauna a ƙasa. Rana tana tsaka a waje, ciki kuwa sanyi kamar randa. Ya ce, "Bakano, in matarka ta ƙi zuwa, ni zan tare."

Saura yaɓe, kuma a nan aiki ya tsaya. Magini ya gargaɗe ni cewa ƙubba ba ta tsoron nauyi, ruwa take tsoro. In ruwan sama ya same ta tsirara zai bi tsakanin tubali ya jiƙa ta, ta zube gaba ɗaya. Yaɓe mai riƙe ruwa kuwa sai da ciyawa da kashin shanu a ruɓar da su cikin ƙasa. Shanu sun mutu, waɗanda suka tsira an kora su kudu, ciyawa kuma ko ƙaiƙayi abincin dabba ne. Na shiga bin hanyar kasuwa da buhu ina tsintar kashin jaki. Ina tarawa kaɗan-kaɗan, magini yana cewa bai isa ba tukuna.

Lokacin damina ya yi, sama ba ta ce komai ba. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara. Na bi su, na ɗaga hannu, ina cewa amin, amma idona yana komawa wajen ɗakina. Ina son ruwa, wallahi, na ga yadda wuyan mutane ya rame. Kuma ina tsoronsa. Muna dawowa Baba ya rage tafiya har muka jera, ya ce, "Bakano, amin ɗinka yau bai ci abinci ba." Sannan ya ce, "Ka roƙi ruwa da zuciya ɗaya. Ɗakinka ka bar wa Mai ruwan, Ya san da shi."

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, ina zaure ina ɗinki sai iska ta canza. Gabas ta yi baƙi. Mata suka fara guɗa tun kafin ɗigo ya sauka, ana fito da tukwane da ƙore ana jerawa a tsakar gida. Na ruga filina da tabarmata da buhuna biyu, na hau na shimfiɗa, iska ta kwashe su. Ɗigon farko ya faɗo a kan tubali ya bar tabo mai faɗi. Na sauko na tsaya a gindin aduwa. Duk garin murna ake yi, ni kaɗai nake tsaye ina kallon abin da zai mai da ni shagon yayana.

Sai na ga jinka tana tahowa. Jinkar ciyawa ce babba, mai tsini, tana tafe a kan ƙafafun mutane, ba a ganin kawunansu. Na gane ta tun daga nesa. Hular babban rumbun ƙasa ce na gidan Baba, wanda mahaifinsa ya gina, wanda yake nuna wa kowane baƙo yana faɗin yawan damin hatsin da yake ci a shekarar albarka. Baba yana gaba yana ba da umarni, magini yana baya yana ihu a yi a hankali da bangonsa. Aka jingina tsani, aka tura, aka ja, jinka ta zauna a kan ƙubba ta rufe ta har kafaɗa. Iya da maƙwabta suka kawo zana aka kewaye abin da ya rage, aka danne da duwatsu.

Na kama hannun Baba na ce, "Baba, rumbun fa? Ai shi ma ƙasa ne."

Ruwa yana zuba a gemunsa ya ce, "Me ke cikinsa? Ɓera ma ya yi ƙaura. Shiga ciki, bawan banza, kada ka jiƙe ka ce Damagarawa sun sa maka mura."

Muka shiga ɗakin gaba ɗaya, muka tsaya a tsaye don ba wurin zama. Ruwa ya yi ta zuba har magariba, irin wanda aka yi shekaru ba a gani ba. Kowa ya kasa kunne yana saurare. Ni kuwa sama nake kallo, ina jiran ɗigo, bai zo ba.

Da safe na zagaya gidan Baba. Rumbun ya sha ruwa ta baki, gefe ɗaya ya rufta ciki, ɗayan ya tsage har ƙasa. Na tsaya a gabansa, hawaye ya zo mini, ban hana shi ba. Baba ya fito da sungumi a kafaɗa, Iya tana biye da ƙwaryar iri, wanda ta ɓoye a tulu a ƙarƙashin gadonta duk tsawon yunwar nan. Ya dubi rumbun sau ɗaya, ya ɗan daɗe. Sannan ya karɓi ƙwaryar ya miƙa mini ya ce, "Ka iya binne iri, ko sai allura? In Allah Ya kawo gero, ai yanzu muna da mai buga tubali a gida." Na bi shi gona, yana sara ina zuba iri ina takewa, har rana ta take.

Da ciyawa ta fito muka ɗaga jinkar muka yi yaɓe, amma aka sake ɗora ta, don ba inda za a mai da ita sai kaka. Na aika wa surukina. Ran wata kasuwar Tirmini matata ta sauko daga mota da 'yar a bayanta, yarinyar ta yi wayo har tana miƙa hannu. Muka taho a ƙasa, matan unguwa suka tare mu, kowace tana gaya mata da ruwan wankinta aka gina bangon gabas ko na yamma. Da muka iso ta tsaya, ta dubi ɗakin daga ƙasa har sama, ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Malam, wannan ɗaki ne ko rumbu?"

Iya ta ji ta. Ta kwance 'yar daga bayan matata ta rungume, ta ɗaga labulen ƙofa ta ce, "Rumbu ne, 'yar nan. Shekara uku ba mu zuba komai a ƙarƙashin hular nan ba. Ku shiga."