Labo Mai Hoto a Shekarar Fari

Duk wanda ya taɓa sana'ar hoto tsakanin Gazawa da Gidan Rumji ya san Labo. In ba ka sha shayi a rumfarsa ba, to kamararka ta taɓa kwana a hannunsa. Ni Nomau a Gidan Rumji nake hoto, kuma gyara ne ya haɗa mu. Idon kamarata ya cije, aka ce in kai Gazawa. Na iske wani siririn mutum mai manyan hannuwa zaune a tabarma, ya kwance wata kamara, ya jera 'yan kusoshinta cikin faifai. Bai dube ni ba sai da ya gama. Ya karɓi tawa, ya kara ta a kunne, ya latsa.

Ya ce, "Yashi ne. Kana aje ta a ƙasa kamar takalmi."

Asalinsa kafinta ne, kakanninsa daga wajen Katsina suka hauro. Akwatin hotonsa mai ƙafa uku da hannunsa ya ƙera shi, gilashin kaɗai ya saya a Maradi. Irin akwatin nan ne da ake zura hannu ciki a wanke hoto nan take, wanda aka ɗauka na tsaye yana jira.

Da fari ya zo a shekarar tamanin da huɗu, sana'armu ta mutu tsaye. Wanda bai ci ba ina zai tuna da hoto? Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, makiyaya suka yi ta gangarowa daga arewa da ragowar dabbobinsu, suna neman ƙetare iyaka. Da yawa daga cikinmu suka koma dako. Labo dai kullum sai ya kafa akwatinsa a bakin kasuwa, ko da ba wanda zai tsaya gabansa.

Wata ranar kasuwa wata Bafillata mai suna Asta ta zo da surukarta, tsohuwa Inno, a kan jaki. Mijin Asta ya yi gaba da shanu lokacin da tsohuwar ta kwanta ciwo, suka yi alkawarin haɗuwa a wata rijiya. Da suka iso sai suka iske rijiyar ta ƙafe, ba kowa a wurin. An ce musu mai hoto yana ganin duk wanda ya ratsa garin.

Labo ya ce, "Ya sunansa?"

Asta ta sunkuyar da kai, don ba ta faɗin sunan miji. Tsohuwar ce ta ce, "Jaye. Dogo ne, baƙi."

Labo ya ce, "Inna, dogaye baƙaƙe sun wuce nan ba iyaka. Ni ban san fuskarsa ba. Amma shi ya san taku. Ku zauna can."

Ya ɗauke su tare, ya wanke kofi da yawa, ya rubuta Gazawa a bayan kowane. Ya ba direbobin tasha, kowa da inda zai kai. Ɗaya ya iso gare ni da saƙon baki: in manna shi inda makiyaya ke wucewa, kuma in zo Agye ranar kasuwa da duk wata matacciyar kamara da na sani.

Muka haɗu a gindin wata tsamiya, masu hoto na Agye da Gazawa da Gidan Sori da Sae Sabuwa, kowa da tarkacensa a buhu. Magaji na Agye, wanda ya girme mu duka, ya ce, "Labo, takarda ta yi wuya, ruwan sha ma sai an bi layi. Da me za mu wanke hoto?"

Labo ya naɗe hannun riga. Ya ɗauko takardar hoto ɗaya cikin jakarsa mai duhu, ya nuna mana yadda ake yanka ta huɗu fuska ta fito sarai. Ya nuna mana yadda ake ɗauraye hotuna da yawa a kwano ɗaya, a tace ruwan da ƙyalle a sake amfani da shi. Sannan ya zauna kan tarkacenmu. Ya ciro gilashin wannan ya dasa wa waccan, ya toshe ɓarakar akwati da fatar akuya, ya yanko gwangwanin madara ya yi murfin ido. Kafin la'asar duk wanda ya zo da gawa ya koma da mai rai. Magaji ya leƙa tasa, ya yi dariya, ya ce ta fi gani yanzu fiye da mai ita.

Daga nan kowannenmu ya kafa zanar manna hotuna a kasuwarsa. Wanda ya ɓace wa nasa sai ya zo a ɗauke shi kyauta, direbobi su watsa hotunan. Zanata ta cika da fuskoki, tsofaffi da mata masu goyo. Mutane kan tsaya su bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu su wuce shiru.

Damina ta kusa lokacin da wani dogon mutum ya tsaya gaban zanata, sandarsa a kafaɗa. Ya ɗora yatsa a kan hoton Inno da Asta. Can ya ce da Hausarsa ta makiyayi, "Malam, tsohuwar nan tana da rai sanda aka yi wannan?"

Na ce, "Ba a ɗaukar matattu a zaune. Suna Gazawa."

Ya bar shanunsa wajen wani ɗan'uwansa, ni kuma na rufe rumfa na bi shi, don ba zan yarda a ba ni labarin nan ba. Mun iske su a zauren gidan Labo, inda matarsa Batulu ta sauke su tun ranar farko. Jaye ya tsuguna gaban uwarsa, ta shafa kansa da fuskarsa tana kiran sunan Allah. Asta ta juya baya tana gyara ƙwarya. Sai can ta tambaya, ba ta dube shi ba, ko akwai saniyar da ta saura.

Ya ce, "Akwai mai nono."

Labarin ya riga mu fita. Kafin azahar ƙofar gidan ta cika, mata na guɗa, direbobin tasha suna ta danna oda kamar an kawo amarya. Labo ya tsaya gefe yana goge gilashi da bakin rigarsa, yana murmushi. Bayan wannan zanoninmu suka ƙara cika, kuma suka fara raguwa, don duk wanda aka samu sai a cire hotonsa a ba shi ya tafi da shi. Ba kowa aka samu ba. Amma waɗanda aka samu sun isa a ce an yi aiki.

Labo ya yi tsawon rai. Ya ga zuwan hoto mai kala, ya ga na waya, kuma har idonsa ya raunana masu hoto ba su daina kawo masa gyara ba, yana yi da lalube. Ranar jana'izarsa an rasa inda za a ɗaure jakuna da babura. Wasu makiyaya da ba mu san su ba suka zo da ƙoren nono cike, suka aje a ƙofar gida, suka shiga sahu tare da mu.