Ranar da rumbu ya yi mini nishi

Shekarun baya, cikin shekarun saba'in, ina sabon likita a Gusau. Lokacin siriri ne ni kamar sillen kara, babu wannan tumbin da yanzu yake riga ni shiga ɗaki. Bazara ta kama, sanƙarau ya ɓarke, sai manyanmu na ofis suka fito da doka: duk wanda ya kamu a kwashe shi zuwa sansani a bayan gari, ba uwa ba miji a kusa, in ya cika kuma ma'aikata ne za su binne. Ni kaina na yaba wa dokar, har da gyaɗa kai irin na masu ilimi.

Aka tura ni wani ƙauye can bayan Nahuce, ni da abokina direban motar asibiti. Muka isa rana tsaka, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. A bakin gari mun wuce maƙabarta, ga sababbin kaburbura, ƙayar da aka ɗora musu ko bushewa ba ta yi ba. Cikin gari kuwa tsit. Ba amon turmi, ba kukan jariri.

Mai gari ya tarbe mu a zaure. Na ce, "Baba, akwai marasa lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, likita. Ko ciwon kai babu."

Muka bi gida gida. Kowa murmushi, kowa "lafiya lau", amma ba mai kallon idona. Motarmu suke kallo.

A gidan wata tsohuwa na tsaya shan ruwa kusa da rumbunta. Na kai moɗa baki ke nan sai na ji nishi, dogo, daga cikin rumbun. Jama'a, gashin kaina ya miƙe har ya ɗaga hulata. Duk karatun da na yi ya gudu, abin da ya rage mini shi ne gargaɗin kakata cewa rana tsaka ta aljanu ce. Abokina ya riƙo rigata, ya ce, "Likita, ni mota na iya. Wannan ba layina ba ne."

Tsohuwar ta ce, "Gero ne ke motsi, ɗana."

Rumbun ya sake yin nishi. Wannan karon ya ce, "Inna."

Na taka turmi, na ɗaga jinkar, na leƙa. Wata matashiya ce kwance kan ragowar damman gero, ƙeyarta ta sanƙare ta koma baya, jikinta kamar garwashi. Tsohuwar ta dafe ƙafata.

"Ɗiyata ce. Motar ga ta tafi da yayanta, ko wankan gawarsa ba a bar ni na gani ba. Wagga ita kaɗai ta rage mini. In mutuwa ce, ta mutu ina riƙe da ita."

Na san in na ce a sa ta a mota, kafin mu juya za a sake ɓoye ta inda ba zan gano ba, kuma ba za ta kai gobe ba. Na ce, "Inna, ba inda za ta. A ɗakinki zan yi mata allura, ke za ki yi jinya." Muka fito da ita, na buɗe akwatin magani, abokina ya riƙe fitila a ɗakin. Sannan na sa ya mayar da motar bayan gari.

Da na fito tsakar gida, na hango abin da har yau nake gani a mafarki. Ta saman danga, jinkunan rumbuna suna ɗagawa, ɗaya bayan ɗaya, gida bayan gida. Garin da ko ciwon kai babu.

Kwanaki muka yi a can. Ɗiyar tsohuwar ta tashi, sai dai kunnenta ɗaya ya tafi. Daga baya ta ce mini ta nan take juya wa mijinta in ya fara faɗa. Na koma Gusau na sha wankin babban bargo, amma na yi ta naci har aka yarda ɗan uwa guda ya riƙa zama da majinyaci.

Tun daga nan, in aka zo da sabon tsarin lafiya, ba na tambayar kyansa. Tambayata ɗaya: uwa za ta yarda ta miƙa ɗanta?

Don a waccan ranar, a ƙauyen, akwai rumbun da ba a buɗe ba. Mai shi, wani dattijo, yana tsaye ya dafa shi da tafin hannu. Na nufo shi da akwatina, ya girgiza kai.

"Wanga ya daina nishi tun da azahar, likita. Da muka ji ƙarar motarku muka sa ɗana ciki."