Waya Ba Ta Ƙarya

Yayana shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawa falwaya. Ma'aikacin kamfanin tarho ne tun zamanin da ake jan layi gida-gida, shi ya sa ba mai kiransa da sunan yanka, Baba Waya kowa ke ce masa. Ni kaɗai nake ce masa Yaya, ni kaɗai kuma nake iya gaya masa gaskiya. Tun da matarsa ta rasu na dawo gidansa da keken ɗinkina, kullum cikin faɗa muke, amma ba mai iya rabuwa da wani.

Da wayar hannu ta shigo, aka rufe sashensu, aka sallame su da takardar yabo da agogon bango. Ya dawo gida da filayarsa da mitar da yake gwada layi, da kuma gaba da duk abin da ke tafiya ba waya. "Abin da ya zo ta iska, aikin iska ne," in ji shi. "Waya ba ta ƙarya. In ta tsinke, za ka ga inda ta tsinke." Na ji wannan magana har ta ishe ni.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, yana kiranta Uwata. Tana ƙarama yakan ja waya daga falo zuwa ɗakinta, ya maƙala kan tarho na gwaji ya ce, "Uwata, kina ji na?" Ita kuma ta amsa, "Ina jin ka, Baba." Ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa. Ita ta aiko masa da kwamfuta don su riƙa ganin juna. Shi da kansa ya ja waya daga akwatin intanet da ke falo zuwa ɗakinsa, ta bi gindin bango, ya daddanne ta da ƙananan ƙusoshi, kowace tazarar hannu ƙusa ɗaya. Baƙo bai isa ya sha ruwa a gidan nan ba sai an nuna masa ita.

Bara ciwon daji ya kama ta a maƙogwaro, muryarta ta tafi. Kira da baki ya zama banza, sai dai a gan ta, ta rubuta abin da take so a takarda ta ɗaga. Aka sa ranar aiki Alhamis da ƙarfe goma na safe, likitoci kuma ba su ɓoye wa mijinta ba, suka ce ko ta tashi ko ba ta tashi ba. Mijin ya ce daga tara zuwa tara da rabi za a bar ta ta ga mahaifinta.

To kafin nan masu gyaran titi sun riga sun datse layin unguwarmu. Surukin ya sa aka kawo mana wani ɗan akwati mai layin waya a ciki, wanda ke ba da intanet ta iska. Amma kwamfuta ta ƙi. Ta nuna an haɗu, a danna kira ta yi ta juya ɗan zobe har a gaji. Wayoyinmu kuwa, ni da shi, masu tocila ne. Ranar Laraba na kira mai gyara, Yaya yana ta cika yana batsewa.

Mai gyaran magidanci ne mai haƙuri. Ya leƙa bayan kwamfuta, ya bi wayar da ido har falo, ya ga tsohon akwatin yana nan da koriyar fitilarsa.

"Baba, ai ga matsalar," ya ce. "Kwamfuta in ta ga hanya biyu, waya take fara bi, don ta fi yarda da ita."

"Ta yi hankali," in ji Yaya.

"To amma wayar nan tsohon akwati take kai ta, shi kuwa bayansa ba komai, layin ya mutu a titi. Sai ta tsaya can tana jira, alhali ga hanya a buɗe ta iska."

Ya zare kan wayar, ya danna kira na gwaji, nan take ya shiga. Na ce alhamdu lillahi. Yaya ya ɗauko mitarsa ya gwada wayar daga wannan kai zuwa wancan, allura ta motsa.

"Ka gani? Lafiyarta ƙalau."

"Ban ce tana da laifi ba, Baba. A dai bar ta a zare har a gyara layin."

Da ya tafi na sake maimaita masa, da ƙarfi kuwa. Ya ce, "Ke da kika san zare da allura kaɗai, ke za ki koya mini waya?"

Alhamis ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya zauna gaban kwamfuta tun ƙarfe takwas. Ni ina waje ina shanya. Tara ta yi muka danna kira, zobe ya fara juyawa. Muka kashe muka kunna. Na ɗauki ɗan akwatin na kai bakin taga, na ɗora shi kan kujera, na dawo da shi. Wayata ta yi ƙara, surukin ne.

"Gwaggo, muna jira fa. Ta riƙe takardarta."

"Ga mu nan, ɗana, ga mu nan."

Na kira mai gyara, wayarsa a kashe. Yaya ya karɓi tawa ya kira surukin, yana cewa, "Uwata, kina ji na?" Ba abin da ake ji sai ƙarar na'urorin asibiti. Tara da kwata na karɓe wayata na zura da gudu ba takalmi zuwa shagon bakin titi in ari babbar waya. Mai shago yana tsakiyar ciniki, ya tsaya neman manhajar, ya tsaya tambayar lamba. Kafin mu hau bene surukin ya sake kira ya ce an shiga da ita.

Sai da na sunkuya zan ɗauki ɗankwalina da ya faɗi na ga bayan kwamfuta. Wayar tana soke a raminta, ɗan haskenta yana ƙyaftawa.

"Yaya. Wa ya mayar da wannan?"

Bai ɗago ba. "Na ce ko iskar za ta yanke ana tsakiyar magana. Hanya biyu ai ta fi ɗaya."

Wallahi na so in rufe shi da duka. Har yau ina jin haushinsa, har yau kuma ina jin haushin kaina da ban leƙa bayan tebur ba tun ƙarfe tara. Na fizge wayar, kira ya shiga a take. Muka ga suruki shi kaɗai a kan benci, bayansa farin bango.

Ba ta tashi ba. Da la'asar aka gaya mana.

Bayan kwana uku surukin ya turo hoton takardar da ta riƙe rabin sa'a tana jira. Mai shago ya hawo da wayarsa ya nuna mana. Rubutun ya karkace, amma ana karantawa: "Ina jin ka, Baba."

An gyara layin titi tuni, amma Yaya bai ƙara kunna kwamfuta ba. Wayar tana nan a gindin bango, ya hana ni cire ko ƙusa ɗaya. Wani lokaci ina ɗinki sai in hango shi durƙushe da mitarsa, ya gwada wannan kai, ya rarrafa ya gwada wancan. Allura ta motsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a hankali, "Lafiyarta ƙalau."