Tukunyar da ta sha koren Maccido

A shekarun da Nasara suka fara kafa alamar iyaka tsakanin Illela da Ƙonni, babu wanda ya kai Maccido iya rinin fata a wannan yanki. Mutum ne gajere mai saurin fushi, amma ya san aikinsa. Ka nuna masa abu biyu, kafin ka haɗa su zai gaya maka abin da zai fito. Ruwan ƙarfe a kan fatar da ta sha bagaruwa, baƙi. Karan dafi da kanwa, ja. Ruwan alif da ruwan kanwa kuwa su yi fari kamar kunu, garin ya kwanta a ƙasan ƙwarya. Yakan ce kowane abu yana da wanda ya fi so, in ya gan shi sai ya saki na hannunsa.

Koren fatarsa ne ya yi masa suna. Garin tagulla ake jiƙawa da sinadarin maƙera da nono mai tsami a tukunyar ƙasa, a yi ta motsawa kwanaki. Matarsa Ramatu ce mai motsawar, shekara ashirin, ko da yake a kasuwa ba a taɓa jin ya ambace ta ba.

Wata shekara wani kukun Bafaranshe ya ba shi tukunyar ƙarfe a madadin jakar fata. Maccido ya ɗauki son duniya ya ɗora wa tukunyar nan. Ya ce daga yau a ciki za a jiƙa kore.

Jiƙon farko ya dusashe, fatar ta fito toka-toka. Na biyu ma haka. Mutumin da ke karanta ƙwaryar kowa ya kasa leƙa tasa tukunyar, don ba ya son ya ga laifinta. Sai ya juya kan Ramatu.

"Hannunki na yal lalace," in ji shi. "Tahi gidanku ki huta."

Ta ɗaure kayanta ta tafi garinsu, Garu.

Jiƙo na uku da hannunsa ya motsa, ya mutu kamar sauran. Da ya zo wanke tukunyar, abin da bai taɓa yi ba, sai ya ga cikinta ya yi ja. Ya haɗa sabon ruwa a tukunyar ƙasa, da ya nuna ya tsoma allura. Kafin la'asar allurar ta fito sanye da jan tagulla. Ashe ƙarfe ne ke shiga ruwan ya kori tagulla, ita kuma ta manne masa a jiki, koren ya tafi. Abin da zai gaya wa baƙo a tsaye ke nan, kuma kunya ta kama shi sosai.

Washegari ya kama hanyar Garu da allurar a cikin hula. Ya samu Ramatu tana sussukar gero, ya miƙa mata, ya fara bayani.

"Na sani," ta ce, ba ta ko ajiye taɓarya ba. "Tun jiƙon hwarko nig ga jan. Ni ka wanke ta."

"To, mi ya hana ki hwaɗi?"

"Ka tambayi tukunya? Ni kat tambaya?"

Ta komo bayan kaka, don 'yan'uwa sun sa baki. Tukunyar ƙarfen ta koma wurin shan ruwan jaki. Ramatu ta ci gaba da dafa masa tuwo, ta yi jinyarsa da ya tsufa, amma ba ta sake taɓa muciyar kore ba. Dukawan Illela sun ce har ya rasu korensa bai ƙara kai na da ba.