Kwatan Tanki Zuwa Suleja

Ƙetaren Gwari

Ana idar da sallar asuba muka bar gidanmu a Minna, ina sanye da farar rigar makaranta da Mama ta sa wa sitati. Ranar ce za a yi mana intabiyu a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Suleja, kuma an ce wadda ba ta nan da ƙarfe goma, lokacin kiran suna, sai baɗi. Baba ya so in bi motar haya. Kawu Sale, ƙanen Mama, bakanike, ya ce sam, 'yarsa ba za ta matsu cikin fasinja ba yana da mota.

Ashe a satin nan Kawu ya kalli kaset ɗin babban tseren motoci na Turawa a gidan wani abokinsa. Ko unguwar Shango ba mu kai ba ya fara.

"Rakiya, shuɗiyar mota ce ta zo ta ɗaya, ja ta biyu. Wata fara kuwa ana gab da gamawa ta tsaya cak. Tambaye ni me ya sa shuɗiyar ta ci."

Ban tambaya ba. Ya amsa.

"Nauyi! Mai jar ya cika tanki taf, motar ta koma kamar jaki da kayan gishiri, tayoyinta suka cinye. Mai shuɗiyar ya tashi da ɗan mai kaɗan, shafal. Ya tsaya a hanya, aka ɗura masa kafin ki ce kwabo, ya wuce. Wannan shi ne ilimi."

Sai idona ya kai kan allurar mai. Tana kwata.

"Kawu," na ce a hankali, "kamar man ba yawa."

"Yauwa, kin lura! Da gangan ne. Jiya na zuƙe sauran na juye a jarka, tana can gareji. A Paiko za mu sha mai."

A shekarar kuwa, mutum kan kwana biyu a layin mai.

Chanchaga

Akwai shingen 'yan sanda kusa da gada. Wani dogo mai tabon ƙuna a hannu ya leƙo.

"Oga, tayanka ya suɗe fa."

"Ai na tsere ma haka suke, ofisa, sumul ba zane. Sun fi kama titi."

"Kana tsere da wane ne?"

Wannan tambaya ce ta cinye mana lokaci. Kawu ya fito, ya zana filin tseren a ƙasa da makullin mota, ya nuna kwanar da ja ta so ta sha gaban shuɗiya ta kasa. Ɗan sandan ya kira abokinsa. Ni ina zaune ina murza bakin ɗankwalina, rana tana hawa.

Paiko

Gidan man yana rufe da sarƙa. Layin motoci ya kai bakin kasuwa, har akwai wadda kaza ta kwanta a ƙarƙashinta. Mai gadi ya ce sai in tanka ta zo, jibi ko gata. 'Yan bumburutu ma sun sayar da nasu tun jiya, sai kwalabe a kife.

"Ba komai," in ji Kawu. "Direban kirki da dabara yake tuƙi."

Dabarar ita ce kashe mota a kowace gangara. Muka yi ta silalowa shiru, masu keke suna kallonmu. Ba mu yi nisa ba motar ta yi tari sau biyu, ta mutu a gindin wata ɗorawa.

Kawu ya daɗe yana kallon sitiyari.

"Kin ga, abin da ya sami farar ke nan. Ba laifin direba ba ne."

Hawaye ya cika mini ido. Na juya ina kallon kunyoyin doya don kada ya gani.

Hanyar Lambata

Akori-kura ce ta tsaya mana, maƙare da doya. Kawu ya damƙa motarsa amana a hannun wani manomi, ya shige gaba. Ni aka ɗora ni baya, kusa da wata dattijuwa 'yar Gbagyi mai doyar. Ta dubi rigata, ta kwance ɗaya daga zannuwanta ta shimfiɗa mini.

"Zauna a nan, yarinya. Farin riga ba ya son doya."

Ta taga ina jiyo Kawu yana gaya wa direba ya daina taka birki kafin kwana.

"Malam," in ji direban, "ni doya na ɗauko. In ta fashe, shuɗiyar motarka ce za ta biya?"

A Lambata muka tsaya aka sauke rabin kaya. Dattijuwar ta saya mini ƙosai, na kasa ci.

Suleja

Goma ta wuce sosai da muka isa. 'Yan mata suna jere a kan benci, wata malama mai tabarau ta riga ta gama kiran suna tana shirin shiga ofis. Kawu ya buɗe baki, na ji ya ce, "Malama, wato matsalar nauyi ce…"

Ban san lokacin da na sha gabansa ba. Ni da ko a aji ba a jin muryata, na ce da ƙarfi, "Malama, ga ni. Rakiya daga Minna. Mai ne ya ƙare mana, a kan doya na ƙaraso."

Ta sauke tabarau ta dubi jar ƙasar da ke gwiwar hannuna.

"A kan doya? To je ki wanke hannu. Ke ce ta ƙarshe."

Komawa

Motar haya muka biyo, muka iso Minna da magariba. Motar Kawu ta kwana uku a gindin ɗorawa kafin ya kai mata jarkar. Makarantar ta ɗauke ni, a ɗakin kwananta ma nake wannan rubutu.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa direban akori-kura, da dattijuwar da ban ko tambayi sunanta ba. Kawu Sale ma na gode masa, don Mama ta ce in ban je na gode ba, ba za ta ɗinka mini zanin gado ba.