Randar Malam Bukar

Duk tsufan nan nawa, ranar da Yagana ta wanke randar mahaifinta ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku matso ku ji, don na ga wasunku sun ɗauka ƙarfin hannu shi ne tsabta.

A lokacin ni ce babbar masu aikin cikin gida a gidan Malam Bukar, wani falke ɗan asalin Barno da ya zauna a Haɗeja, yana sauke kanwa yana ɗaukar busasshen kifi. Sama da ni sai uwargida, Iya Falmata. Ita ke ba da umarni, ni in raba aiki. Kowane abu da abin wankinsa: tukunyar miya toka da soso, akushi yashin kogi, abin da maiƙo ya kama ruwan kanwa, tufafi sabulun salon da muke dafawa da kanmu. Daɓe kuwa ruwan makuba muke yayyafa masa. Abu ɗaya ne hannunmu bai taɓa kaiwa gare shi ba, wato randar da Malam ke shan ruwa. Wannan Iya ce da kanta, a bayan ɗakinta, ba ta son ko a leƙa.

Iya tana da wani hali da muke yi mata dariya a kai. In ta ga mutum ya gama gwaguyar goruba, sai ta miƙa hannu: "Ba ni ƙodagon nan, kada ki yar." Mukan ce, "Iya, gidan attajiri guda, ƙodago za ki bar mana gado?" Sai ta yi murmushi ta jefa shi a wani tsohon kwando.

Da bazara ta kama, Allah Ya yi mata rasuwa. Yagana, 'yarsu da ke aure a Guri, ta zo zaman makoki. Ni na goye ta, na san ta sarai: in baƙin ciki ya kama ta ba ta iya kuka, sai aiki. Bayan sadakar bakwai ta ɗaure zane ta bi gidan lungu-lungu, har ta kai ga randar. Ta ga cikinta ya yi duhu, ta zata dauɗa ce, ta sa sabulun salo ta dirje ta fes. Ina bakin kogi da masu wanki, kafin in dawo an gama.

To randa ƙasa ce, tana shan abin da aka sa mata. Ranar aka kai wa Malam moɗa, ya kai baki, ya ajiye. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. Cewa kawai ya yi, "Wannan ba ruwan gidan nan ba ne."

Muka ɗauka abin na yini ɗaya ne. Ina! Aka sayo sabuwar randa, ya ƙi. Aka ɗebo daga rijiyar masallaci, ya jiƙa leɓe ya mayar. Ga tsufa, ga rashin matarsa, ga zafin bazarar Haɗeja da ko saurayi sai ya yi laushi. Sai kunu yake ɗan kurɓa. Idonsa ya faɗa, har sallah ta koma a zaune. Gaskiya na tsorata, na ga kamar za mu yi makoki biyu a wata ɗaya.

Yagana ta same ni a madafa, a nan ne kukan ya zo mata. "Inna Tabawa, ni na kashe Baba ke nan?"

Na ce, "Rufe min baki, 'yar nan. Sabulu ne, ba dafi ba. Tashi mu yi aiki."

Cire sabulu daga randa na iya. Muka cika ta da ruwa muna zubarwa, muka goge cikinta da dusar gero, muka shanya ta a rana har ta daina warin komai. Abin da ban sani ba shi ne me Iya ke yi mata bayan nan. Na san ana turara randa, a kife ta a kan hayaƙi, amma kowane gida da nasa. Muka gwada saiwar jema, Malam ya girgiza kai. Muka gwada kajiji, ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, ku bar wahalar da kanku." Wannan maganar ta fi yi min zafi.

Da hantsi na zagaya bayan ɗakin Iya, in ga ko ta bar wani abu. Ga kaskon garwashinta a jingine. Na tona tokar da ɗan yatsa, sai na ci karo da guntun ƙodago, rabi ƙonanne. Na ɗaga kai, ga tsohon kwandon nan a rataye, cike. Sai na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye. Ashe gadon da muke yi mata tsiya a kai, da gaske ta bar mana shi.

Muka fasa ƙodago a kan garwashi, muka kife randar har ta sha hayaƙi, muka zuba ruwan kogi da ya kwanta, muka bar shi ya yi sanyi. Na miƙa wa Yagana moɗar. Ta ce, "Inna, ke kai masa, ni kunya nake ji." Na ce, "Hannun da ya wanke shi zai kai."

Na bi ta na durƙusa a bakin zaure. Malam ya karɓa don kada ya kunyata 'yarsa. Ya kai baki, ya tsaya. Sai muka ji maƙogwaronsa yana aiki, bai sauke moɗar ba sai da ta ƙare. Ya ce, "Ƙaro."

Da ya sha ta biyu ya tambayi abin da muka sa. Yagana ta gaya masa. Sai ya ce, "Duk baƙon da ya sauka a zauren nan daga Barno, sai na yi masa alfahari cewa ruwan Haɗeja ya fi na ko'ina daɗi. Ashe ba kogin ba ne. Falmata ce." Ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa, mu kuma muka ja jiki muka ba shi wuri.

Malam ya ƙara shekaru a duniya bayan nan, kuma ni na gaji turarar randar. Yagana ta koma Guri da rabin kwandon a kanta, na ji an ce can ma yanzu dariya ake yi mata.

Abin da na koya shi ne, mafi yawan aikinmu ba a ganinsa sai ranar da aka rasa mai yinsa. Don haka in kun shiga ɗakin mutane kuka ga abu ya yi duhu, ku tambaya kafin ku sa soso. Ke kuma da ke gwaguyar goruba tun ɗazu ina magana, miƙo min ƙodagon nan.