Masaƙiya a Layin Tallafi

Tana gabana a layin ofishin tallafi na garin San Jacinto, siririyar dattijuwa mai furfura, yatsunta sun rine da shuni. Ta rungume ragar kwanciya saƙar hannu, irin wadda muka gada daga kakanni, don ta nuna wa ma'aikata sana'arta. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta bi shi da ido har ya sha kwana.

Wata mata daga baya ta tsokane ta. "Doña Eufemia, ko saurayi kike jira ne?"

"Rufa min asiri, 'yar'uwa, rage murya."

Ina zaton tana cikin matan ƙungiyar masaƙa da 'yan bindiga masu yawo a babur suka hana su taro. Wataƙila ma ita ce shugabarsu.

Layi ya zo kanta. Ma'aikaciya ta miƙo takarda, domin sai an rubuta suna da unguwa ake ba da zare. Dattijuwar ta karɓi biro, ta dubi ma'aikaciyar.

"'Yata, su wa ke karanta takardar nan bayan ke?"

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai. Dattijuwar ta daɗe a tsaye, sannan ta rubuta sunanta cikakke a hankali, ta bar gurbin unguwa babu komai.